A Haye Gada da Na'urar Tansiyo

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa 'yan kasuwa, da dattawan da ke zama tare da shi a Treichville.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa irin ta girma, ina tambayar iyali da kasuwa. Ni ce Asabe mai fura ta Adjamé, matar marigayi Malam Idi da ya yi dako a tashar jirgin ruwa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini baki. A karanta ta gaban jama'a.

Na farko. Bara ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, wadda ake ɗaura wa mutum a dantse, ta ɗauko likita yana zuwa zaurenka ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Madalla. Alhazai ake aunawa, in an gama a shiga ciki a auna matansu. Mu na Adjamé labari muke ji. Na taɓa zuwa, na haye gada da ƙafafun nan nawa kamar turmi, mai tsaron ƙofa ya ce, "Iya, yau na maza ne." Da na sake komawa, wai likita ya riga ya tafi. Alhaji, ko jinin Adjamé ba ya hawa ne?

Na biyu, ku ji yadda aka yi na zama haka. Ina da cikin ɗana Sani, kai ya dame ni, ƙafa ta kumbura, ido na ganin walƙiya. Malam ya kai ni mataniti, asibitin haihuwa. Ungozomar asibiti ta auna ni, ta ɓata fuska, ta yi ta nanata kalma ɗaya: tansiyo, tansiyo. Malam Faransancinsa na bakin jirgi ne, inda in kaya na saukowa ake ihu atansiyo, wato a yi hankali. Ya juyo ya ce mini, "Ta ce ki riƙa yin hankali." Na ce to. Na yi hankali da motocin haya na gbaka in zan tsallaka titi, na yi hankali da santsin bayan gida. Ashe matar nan hawan jini take faɗa. Na haihu da ƙyar, na dawo gida aka dafa mini ruwan wankan jego mai ƙuna, aka cika ni da kunun kanwa safe da yamma har na yi arba'in. Cikin da ya biyo baya ma haka. Sai da na tsufa wani likita ya ce zuciyata ta buɗe ta gaji, ya ce jinin da ya hau wa mace tana da ciki yakan bi ta har tsufa, kanwa kuwa gishiri ce, ruwa take tara wa jiki. Yau a zaune nake barci, an jera mini matasai a baya. Ban ga laifin Malam ba, Allah ya jiƙansa, abin da kunnensa ya sani ya ji.

Na uku, kuma ba zan ɓoye ba, ƙyashi nake yi. Hajiya Rabi, matar mataimakinka, mota ɗaya ta kawo mu daga Maraɗi muna amare. Ita ma an ce mata tansiyo. Sai dai mijinta akawu ne a kamfanin fiton kaya, ya ji kalmar daidai, ya sayi magani, ya hana a ba ta kanwa. Ku dube ta yau. Tana hawa benenta tana waya, ko haki babu. Ta yi ɗawafi da ƙafarta. Ranar wani suna ta kama hannuna ta ce, "Asabe, kin cika son jiki, ki riƙa motsawa." Wallahi da ina da numfashi da na ba ta amsa. Ba ta fi ni komai ba, ni na fi ta ƙarfi ma, ni nake ɗora mata tulu. Harafi guda ne ya raba mu. Kuma ita ce duk mako ake aunawa, ita da lafiya ta yi wa yawa. Allah ya ƙara mata, amma ƙyashin bai bar ni ba.

Akwai kuma abin da ku maza ba ku sani ba. Mace ba za ta tsaya gaban likita ta faɗi ciwon ɗaki, ko jinin da take gani bayan ta kwana da mai gida, a ce mijin ne tafinta ko ƙaninsa. Ciwon kai za ta ce, a ba ta maganin ciwon kai ta dawo. Na san waɗanda muka binne da wannan kunyar.

Abin da ya sa na yi magana yanzu shi ne Hadiza, matar Sani. Daga Tasawa ya auro ta, ko gaisuwa ba ta iya da Faransanci ba. Cikinta ya tsufa, zobe ya ƙi fita daga yatsanta, kai na sara mata. Sani yana hanya da babbar mota, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Uwarta ta iso zaman jego da ƙullin kanwar ungurnu. Na ce kada a ba Hadiza kanwar, uwar ta ce, "Yaya, da ita aka yi jegon uwata, da ita aka yi nawa." Ni suruka ce, in na matsa a ce na raina mutanen gida. Bakina bai isa ba. Na likita zai isa, in an juya shi da Hausa daidai.

Roƙona ga shi. A riƙa hayo da na'urar nan Adjamé, a ware wa mata rana. A samo mace cikin 'ya'yanmu da suka yi lakwal, wato boko, mai jin harsunan biyu, ta riƙa raka masu ciki asibiti. Kuma kai da bakinka ka faɗa wa maza a taro cewa mai jegon da jininta ya hau ba a ba ta kanwa, don maganarka suke ɗauka.

Tawa zuciyar ta riga ta tafi, ba gyara nake nema ba. Hadiza kuwa ba ta da lokacin jiran a yi shawara. Jibi zan kamo hannunta da na uwarta mu zo ƙofarka mu shimfiɗa tabarma, ba za mu tashi ba sai an ɗaura mata abin nan a hannu.

Allah ya ja kwananka, ya tsare zuciyarka, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin gaɓar nan da waccan.

Wassalam.

Asabe mai fura, Adjamé.