Jiragen da Ka Aiko wa Amiru

Dakoro, tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Zakariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariama da ƴar gidana Fadimata. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake kuka da shi, ya sa sanyin Beljik ya daina cin ƙashinka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau bana, gero ya fara fitar da kai a gonar marigayi maigidana ta hanyar Ɗan Gulbi, in tsuntsu ya bar mu za mu cika rumbu. Babbar ƴarka, ƴata ta fari, ta sauka lafiya a garin Mai Yara, an samu mace, hancinka sak, Allah ya ba ta haƙuri. Auta Kausar ta ci jarrabawa, za ta shiga lise, babbar sakandare, in an koma. Na san za ka ce me ya hana ni kira. A salula ba na iya maka, kana fara dariyar nan taka sai in manta abin da ya kawo ni. Shi ya sa na ɗauki biro, don ka karanta har ƙarshe ba ka katse ni ba.

Maganar kwalin nan ce da ka aiko wa ɗanka, Amiruna, bara. Ranar da ya buɗe shi na zaci kayan lekol ne, tunda shi mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da lissafi. Sai ga ƙananan abubuwa na roba, babban cikinsu bai wuce tafin hannu ba, wai jiragen yaƙi ne na sararin samaniya, wai wasa ne na manya. Namiji da gemunsa, wanda yara ke miƙewa tsaye in ya shiga aji, ya zauna yana shafa musu fenti, harshe a waje. Ban yarda da abin ba tun farko. Na ɗauki ɗaya a ɓoye na kai wa limamin unguwa ko gunki ne, ya juya shi ya ce ba fuska ba ƙafa, mota ce kawai da ba ta da taya. Da na ga suna jefa ƙwayoyin ludo kuma na ce to caca ce ta shigo mini gida. Na jawo keken ɗinkina bakin zaure na zauna gadi, amma ban taɓa ganin wani ya sa hannu a aljihu ba. Asarar da na yi dai ita ce baƙin yadina da ya shimfiɗa kan tebur ya yayyafa masa farin fenti wai taurari, da metir ɗina na awo da har yau bai dawo ba.

Zaman gadin nan ne ya sa na koyi wasan ba da niyya ba. Kafin a fara, kowa ana ba shi maki daidai da na ɗan'uwansa, kowane jirgi kuma da makin da yake ci, babba ya ci da yawa, ƙarami kaɗan. Da wannan makin mutum zai haɗa abin da suke kira runduna, ni kuwa garke nake ce masa, don ban ga bambanci ba. A nan ake gane halin kowa. Zaharaddini mai shagon cajin salula kullum kan ƙaton jirgi ɗaya yake zuba makinsa, ya zauna yana hura hanci, in aka fasa shi kuwa ya miƙe ya ce dama yana da aiki a shago. Jimrau, abokin Amiru tun suna firamare, Bafulatanin nan mai yi wa dabbobi allura, shi ƙanana yake tarawa rututu, ya ce ko an kashe rabi, rabi zai kai gida, da haka babansa ya fita shekarar fari da awaki lokacin da masu shanu suka durƙushe. Ɗanka kuwa manya uku yake ɗauka masu nauyi, su tafi kafaɗa da kafaɗa, da wani ƙarami a bayansu wanda ba ya harbi, aikinsa gyara wanda aka ji wa ciwo. Wannan ƙaramin ya shafa masa shuɗi irin na mayafina, ya ce sunansa Inna. Na yi tsaki na ce ba na son shashanci, amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Bayan Sallar Layya ne abin ya sauya. Ya fara doguwar waya a bayan rumbu, in na fito ya rage murya. Sai na ga manyan jiragen sun daina hawa kan baƙin yadin. Ya koma ɗaukar waɗansu sirara masu gudu, ba sa tsayawa faɗa, ratsawa suke yi ta tsakanin abokan gaba su kai ƙarshen yadi. Na ji yana gaya wa Jimrau wai ya gano ba sai an tsaya ana ta duka ake cin wasa ba, wanda ya tsallaka da rai shi ya ci, kuma mai son tsallakawa ba ya ɗaukar kaya. Daga inda nake zaune na jefa tambaya, na ce to ina shuɗin. Bai ko ɗago kai ba ya ce shuɗin ba ya sauri, cin maki kawai yake yi, sauran kuma dole su yi ta jiransa. Sai da maganar ta fita ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi ƴar dariya ya ce roba yake nufi. Na ce na sani, na ci gaba da taka kekena, amma ɗinkin ranar sai da na warware shi duka.

Ba a yi nisa ba sai na ga Jimrau zai fita da manyan ukun nannaɗe cikin rawani. Na tare shi a ƙofa, ya ce ai aro ne, Amiru ya ba shi ya riƙe. Kwalaben fenti kuma suka koma shagon Zaharaddini. Zakariya, ni na taɓa ganin irin wannan rabo da idona, kuma kai ka yi shi. Ka tuna tantabarunka? Ka ce sun ishe ka da kashi, ka raba wa ƴan unguwa biyu-biyu, ka ba maƙwabci kekenka wai ya riƙe maka. Iya tana ta sa maka albarka wai ka yi hankali. Ba a ga sabon wata ba sai labarinka muka ji daga Agadas, kuma ta koma ga Allah ba ta sake ganinka ba. Shi ya sa na kira Amiru ɗaki bayan la'asar na tambaye shi kai tsaye ko tafiya zai yi. Ya ce haba Inna, wasa ne fa, kowa yana gwada salo, gobe ma zai iya komawa ga manyan. Na ce to ya rantse. Ya ce bai kyautu a ja sunan Allah kan roba ba. Amsa ce mai kyau irin ta masu ilimi, sai dai ni ba kan roba na ce ya rantse ba, kuma ya sani.

Ranar kasuwa sai ga baban Jimrau daga wajen Bader Gula, ya shigo da ƙwaryar man shanu yana ta godiya. Wai jar karsanar nan da Amiru ya gada daga marigayi, ita ya ba Jimrau habbanaye. Ka san al'adarsu, ta zauna a hannun wanda aka ba, ta haihu ya riƙe ƴaƴan, sai bayan shekaru a maido uwar. Alheri ne, ban ƙi ba. Amma saurayin da ke shirin aure ko gina ɗaki ba ya ba da karsanarsa ɗaya tilo ta shekaru, sai in ya san ba ya nan balle ya kula da ita. Tsohon ya ɗauka da sanina aka yi, har yana cewa gidan nan ba a taɓa rasa alheri a cikinsa ba. Na ce ba komai, ai Jimrau ɗa ne. Na ba shi ruwa, na raka shi har ƙofa fuskata a sake. Da na dawo a bakin randa na zauna har Kausar ta dawo ta same ni.

Tun ranar nake ta zaginka a zuciya, Allah ya yafe mini. Na ce kwalin nan tarko ne, ka aiko masa taurari don Dakoro ta yi masa kaɗan, kuma kai ne kake ɗaya gefen wayar bayan rumbu. Na shirya maganganun da zan gaya maka, waɗansu ma ba su dace da takarda ba. Amma da na natsu sai wani abu ya ƙi zama mini. Wanda zai hau jirgi sai ya je Yamai, a ɗauki hoto, a yi fasfo, a yi ta zirga-zirga, shi kuwa bai bar gari ba duk hutun nan. Sai shekaranjiya ya shigo da sabon bido, babbar jarkar nan ta ruwa, da buhun algarara, ya ce in ɗinke buhun a jikin bidon yadda ruwa zai riƙe sanyi, wai na Jimrau ne zai shiga daji aiki. Makiyaya suna yin haka, gaskiya ne. Amma Jimrau yana da uwa yana da mata, kowace ta iya zare da allura, kuma ka fi ni sanin su wa ke rungume da irin wannan bido a bayan mota in an fita Agadas an nufi arewa.

Ga ni dai na ɗauki biro don in tuhume ka, yanzu kuma roƙon Allah nake ya zama kai ne. Ka ce mini kai ne, Zakariya. Ka ce ka nema masa karatu ko aiki, takardu suna hanya, nauyin gaya mini kuke ji. Zan yi fushi, zan ƙi ɗaukar wayarka har azumi, amma zan yi barci. In kuwa ba kai ba ne, to ban san da wa ɗana yake magana ba, kuma tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da gawar babansa. Ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, kada ka ce na rubuto. Ka fara da maganar jiragensa tunda ita ke buɗe masa baki, ka tambaye shi yadda yake haɗa rundunarsa yanzu, ka saurara da kyau. Sannan ka gaya masa abin da ka gani a hanyar nan, wanda ka gaya mini sau ɗaya ka ce kada in sake tambaya. Ni ba ya jin maganata a kan wannan, don ban taɓa wuce Maraɗi ba. Ban ce dole ya tsufa a zaurena ba. In tafiyar ce, ya fita ta ƙofa da rana tsaka, in sa masa albarka, in san inda zan kira.

Ka gaida Mariama, ka ce yajin da ta roƙa na daka, sai an samu mai zuwa. Ka shafa mini kan Fadimata. Babbar ƴarka da mijinta suna gaisuwa, haka ma Hanatu maƙwabciyarmu. Kausar tana gaishe ka, ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka yau, ta kuma yi mini alkawarin riƙe bakinta. Bidon yana nan ƙarƙashin kekena. Na ce masa zare ya ƙare, yau da safe ya sayo mini wani. Gobe zan ce idona ke ciwo, bayan wannan kuma ban san abin da zan ce ba. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Balkisu