Kartar Marigayi Tana Hannuna

Yaya Mastura, don Allah ki taimake ni kafin Alhamis ta zo. Ban san wanda zan kai wa maganar nan bai ce na zautu ba.

Mijina Norkul ya rasu a farkon sanyin nan, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru shi da abokansa uku, Eshmat wanzami da Holmirza da yayana Tursunali, suna haɗuwa a gidanmu duk Alhamis bayan la'asar su buga kartar foka. Ba da kuɗi ba, wallahi, da wake. Tun farko na tambayi malamar unguwarmu, ta ɓata fuska ta ce kada dai ya ci musu salla. Mai iyaka suke yi, ƙari ba ya wuce abin da aka yanka. Ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ce ka fita.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, sai na koma ni ke riƙe masa karta, ni da a da ko kallon wurin ba na yi. Ina zama gefensa a teburin ɗumi, garwashi a ƙasa, bargo a sama, kowa ya zura ƙafafu ciki. In ya ƙwanƙwasa katako sau ɗaya da hannunsa mai lafiya, in bi. Sau biyu, in ƙara. A haka na gane abin da ya sha faɗa lokacin yana da baki, wai in kartarka tana da ƙarfi amma ana iya cim mata, ga mutane da yawa, kada ka yi lamɓo. Na damanka yana zubawa ka ƙara nan take, na bayanka su ga sai sun biya ninki, su zame ɗaya bayan ɗaya har ku rage ku biyu. Eshmat yakan ce, "Kai Norkul, baki ya mutu amma mugunta na nan da ranta!"

Kin san Alhamis ce muke soya fanke don ƙamshin mai ya isa ga mamatanmu. Alhamis ta biyu da rasuwar ina cikin suya suka shigo. Holmirza ya ce a riƙa raba wa marigayi rabonsa na karta har arba'in, kada wurinsa ya yi sanyi. Na ji nauyin musa wa tsofaffi, na zauna na ɗauka. Ban kai ga buɗewa ba na ji ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashin teburin. Hannun kowa yana kan bargo, na duba. Na buɗe, sarakai biyu. Yaya Mastura, hannuna da kansa ya tura waken. Holmirza ya kife tasa yana dariya ya ce, "Na fita, a gaishe shi." Bai ga wata Alhamis ba.

Na ce a bari, suka ce yanzu ma ya dace a yi. Arba'in ta wuce ba mu fasa ba. An yi makonni shiru, sai makon jiya aka sake ƙwanƙwasawa, sau biyu. Yayana kunnensa ya yi nauyi, bai ji ba. Amma Eshmat ya zare ƙafafunsa daga bargon a hankali, ya ce ya fita, ko shayinsa bai ƙarasa ba. Yanzu yana asibiti, ba ya gane 'ya'yansa.

Saura ni da Tursunali, kuma shi kaɗai ya rage min a gidanmu. Da na gaya masa cewa ya yi, "Ke dai tsoron kaye kike, ƙanwata. Soya mana, raba mana, mijinki da rai ma bai kore ni ba." Na san ajali na Allah ne, na karanta, na sani. Amma na san yadda Norkul ke share teburi. Kuma abin da ya fi damuna, ina jiran bugun nan. Shi ne kaɗai maganar da ta rage tsakanina da shi. In hana yayana zuwa, ko in zauna?

Mai Riƙon Karta, daga Margilan

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Norkul da Holmirza, ya ba Eshmat lafiya. Ba ki zautu ba.

Mu fara da abin da hannu ke iya gyarawa. Tsofaffi a rufaffen ɗaki, garwashi a ƙarƙashin bargo tun la'asar, wannan ba abokin mai raunin zuciya ba ne. Ki fitar da garwashin, ki buɗe taga, ki kai yayanki a auna jininsa cikin makon nan ko yana tsaki. Katako kuma in ya sha zafi yana ƙara. Ban ce abin da kika ji ke nan ba, don ba na ɗakin. Amma kalmar "na fita" ba ta taɓa ɗaukar ran kowa ba, kuma mamaci ba ya da iko a kan ajalin mai rai. Ke ma kin faɗa.

Kada ki hana Tursunali zuwa. A sanyi ɗaya ya rasa aminai biyu, na uku yana kwance. Ba wake ke kawo shi ba, taurin kan nan nasa kewa ce. In kika rufe masa ƙofa, Alhamis za ta same shi shi kaɗai, ke ma haka. Amma ke ma kina da gaskiya, zaman da ke sa gabanki faɗuwa bai kamata ya ci gaba yadda yake ba.

Ga abin da na lura a wasiƙarki. Kowa a teburin nan yana iya kife kartarsa ya tashi, ban da mutum ɗaya. Norkul bai da bakin faɗa, ke ce bakinsa, kuma har yau kina riƙe masa. An ce har arba'in, arba'in ta wuce.

Ranar Alhamis ki yi suyarki, ki zuba wa yayanki shayi, ku karanta wa marigayi abin da ya sawwaƙa. In ya nace a raba, a raba sau ɗaya. Ko an ƙwanƙwasa ko ba a ƙwanƙwasa ba, kada ki buɗe, kada ki ƙara. Ki kife kartar a wurin zamansa ki faɗa a madadinsa, da murya yadda ko yayanki zai ji: Norkul ya fita.

Za ki yi kuka, ki yi. Daga nan maganarki da shi addu'a ce, ita ce ke isa inda yake. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya bar miki Tursunali.

Yaya Mastura