Takalmin Samfur a Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina roƙon ki taimake ni da shawara, kuma ki sani ban saba roƙo ba. Na ƙare shekarun aikina ina shugabantar kwalejin horar da malamai, ni ake kawo wa matsala in warware. Tun rasuwar maigidana nake zaune ni kaɗai a hawa na biyu na wani tsohon bene, ina dafa abincina, ina wanke kayana, ina hawa matakala da ƙafata ko gwiwa ta so ko ta ƙi. Na faɗi haka ne don ki gane wadda ta rubuto miki ba mai raki ba ce. Amma wannan karon abin ya fi ƙarfin dabarata.

'Ya'ya biyu Allah ya ba ni. Macen ta rasu ta bar ɗa guda, na raine shi a ɗakin nan. Shi nake tsokana da Maigida, shi kuma yana ce mini Amarya mai furfura, yana barazanar zai sake ni muddin ban daina gyara masa magana ba. Da ya girma ya shiga aikin soja, ba da son raina ba. Namijin kuwa, ɗana na fari, babban jami'i ne a sashen sayayya na ma'aikatar tsaro, yana cikin kwamitin da ke tantance kayan da 'yan kwangila ke kawowa. Ranar da jikana zai tafi horo na ce wa kawunsa ya sa ido a kan marayan 'yar'uwarsa, abin da kowace uwa za ta faɗa.

Ga yadda aikinsu yake, kamar yadda ɗana ya sha bayyana mini. Idan za a sayi kaya, kowane ɗan kwangila yakan kawo samfur. Wanda aka zaɓa, sai a ɗaure samfurinsa, a buga masa hatimi, a kulle a sito, domin ranar da kaya suka iso a gwada su da shi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki a ofishin. Da zarar an sa hannu a kwangila, 'yan kwamiti sukan raba samfuran a tsakaninsu, wannan ya ɗauki bargo, wancan ya ɗauki tocila, kamar ragowar abincin taro. Ba wanda ke kiran abin sata. Da aka ba da kwangilar takalman sojoji, ɗana ya ga samfurin daidai da ƙafar ɗan 'yar'uwarsa, ya ɗauko ya ba shi a gabana. Fata ce mai kauri, da ɗinki biyu, har na sa hannu ciki ina yabon aikin.

Sauran kin gani a jaridu. Takalman da aka raba wa rundunar su jikana, kamanni kawai suka yi da samfurin. Damina na sauka gam ya saki, tafin takalmi ya rabu da samansa, aka ga kwali inda ya kamata a ga fata. Samari suna ratsa laka sun ɗaure takalma da waya. Na jikana kaɗai ne bai yi ko gezau ba, har abokansa suna zolayarsa wai addu'ar kakarsa ce. Amininsa, wanda suke kwana tanti ɗaya, ƙarfe ya huda masa ƙafa ta inda takalmin ya buɗe, ciwon ya ruɓe kafin a kai shi asibiti, aka yanke ta.

Da jikana ya sami hutu ya zo, amma bai zauna ba. Ya ajiye takalman a bakin ƙofata, a wanke, ya cusa musu takarda don kada su lanƙwashe, yadda na koya masa tun yana ɗan makaranta. Ya ce ba zai iya sake sa su ba, ba kuma zai iya kallon kawunsa ba. Kaka ya kira ni a ranar, kamar baƙo. Da yamma ɗana ya zo, na tsaya a ƙofa na ce kada ya sake tako mini gida sai ya wanke sunan ubansa. Ya sunkuyar da kai ya sauka.

Tun daga nan babu wanda ya dawo a cikinsu. 'Yata, ban san gida yana iya yin shiru haka ba. Ɗana yana da wata dabara, yakan yi gyaran murya tun daga matakala, don in sami damar miƙewa in nuna ba gyangyaɗi nake yi ba. Yanzu duk wanda ya yi tari a benen nan sai na gyara zama. Gilashin karatunsa na nan a kan kanta inda ya manta shi, ina share ƙurar gefensa ba na ɗaga shi. Jikana kuwa dariyar uwarsa gare shi, mai farawa a hanci, kuma a bakinsa kaɗai nake jin muryar marigayiya. Kwanan baya na ga ɗana a talabijin gaban kwamitin bincike na majalisa. Ya rame, wuyan rigarsa ya karkace, ban ankara ba na ga hannuna ya ɗaga zai gyara masa.

Ɗan kwangilar ya dage cewa abin da aka amince da shi ya kawo, a fito da samfur a gwada. An duba sito babu. Ɗana ya ce bai san inda ya shiga ba. Ko don kare kansa ya faɗi haka, ko don kada sunan jikana ya shiga maganar, Allah masani. Ban kuma sani ba ko ya karɓi wani abu a hannun mutumin. Ban taɓa yarda ya saya mini mota ko ya mayar da ni gidansa ba, don haka ban san cikin aljihunsa ba.

Takalman suna ƙarƙashin gadona. In na kai su gaban kwamitin bincike, na miƙa ɗana da hannuna. In na ɓoye, ni da na kori ɗalibai a kan satar amsa na zama mai rufa wa ɓarna asiri. Amma gaskiyar magana, ba shari'ar ce ke cin raina ba. So nake su dawo. Ban taɓa yin magana na janye ba, kuma ban san yadda ake kiran wanda aka kora ba tare da an lashe amai ba. Ki nuna mini hanya.

Tsohuwar Shugabar Makaranta

*

Mama, na karanta wasiƙarki sau da yawa, kuma zan yi miki magana kai tsaye, don na ga ba kya son kwana-kwana.

Fushinki yana kan hanya. Samfurin nan shi ne ma'aunin da ya kamata a tsayar da kayan banza da shi tun a bakin sito. Ɗauke shi ya buɗe wa ɗan kwangila ƙofa, kuma wani saurayi ya rasa ƙafarsa. Cewa kowa a ofishin yana yi ba ya wanke ɗanki. Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Bai kai takalmin kasuwa ba, ƙafar marayan da kika damƙa masa ya kai wa. Kuskure ne babba, wanda ƙauna ta shiga cikinsa. Ko akwai abin da ya fi haka, ba ki sani ba, domin kin yanke hukunci a bakin ƙofa ba ki tambaye shi ba. Na tabbata a kwalejinki ba kya korar ɗalibi sai kin saurare shi.

Kada ki kai wa kwamitin bincike takalman da kanki, kada kuma su ci gaba da kwana a ɗakinki. Shi ya ɗauke su, shi ya kamata ya mayar. Ya fara ganin lauya, ya faɗa masa komai, sannan ya gabatar da su gaban kwamitin, ya bayyana cewa jikanki kyauta aka ba shi, bai san hatimin da aka cire ba. Ba zan ɓoye miki ba, yana iya rasa muƙaminsa, wataƙila ma fiye da haka. Amma ɓatan samfurin ɗan kwangila yake yi wa amfani, fitowarsa kuwa za ta nuna wa kowa abin da aka zaɓa da abin da aka kawo.

Batun lashe amai, babu shi. Cewa kika yi kada ya tako gidanki, ba ki ce ke ba za ki taka nasa ba. Kin kuma ce ya wanke sunan ubansa, to sabulun yana hannunki. Ki sa takalman a jaka, ki je ki same shi, ki tambaye shi ido da ido ko ya karɓi wani abu, ki saurari amsar har ƙarshe. Duk abin da ya faɗa, ki gaya masa za ki zauna a bayansa ranar da zai yi bayani. Namiji mai furfura ma yana bukatar uwarsa a irin wannan rana.

Jikanki kuma kada ki matsa masa ya haɗu da kawunsa yanzu. Kunyar amininsa ce ke damunsa, ba ke yake gudu ba. Ki aika masa saƙo cewa kina son zuwa duba abokin nasa, ya zo ya raka ki. Wannan kira ne da zai yi masa wuyar ƙi.

Ki tafi cikin makon nan, Mama, tun kwamitin bai rufe zamansa ba. Allah ya ba yaron da aka yanke wa ƙafa lafiya da madafa, ya ba ɗanki ƙarfin faɗin gaskiya, ke kuma ya sa ki ga taruwarsu da idonki.