Birekar Shagon Teloli

Laraba da dare, Fagge

Yau na fita kunya, wallahi. Da sassafe Alhaji Garba ya aiko in zo shagon telolinsa, wai birekar lantarkin da na sa masa jiya sai yanke wuta take. A gaban jama'a ya ce jabu na kwaso a Sabon Gari, in cire ta in haɗa waya kai tsaye kamar yadda kowa ke yi. Har da cewa karatu ne ya ruɗa ni.

To ai karatun ne ya sa na zaɓe ta. Kwana biyu ina bin takardar cikin kwalinta da ƙamus. In kaya sun yi wa layi yawa, ta yanke. In wuta ta zurare ta bi ƙarfe ko jikin mutum, nan ma ta yanke. Ta gama-gari aikin farkon kawai ta iya.

Na ce, "Alhaji, ka nemo wani ya kashe maka mutane, ba ni ba." Bakina dai! Na zare kekunan ɗinkin duka daga wuta, ina mayarwa ɗaya-ɗaya. Wani tsohon tela, Baba Sabo, na ɗora ƙafa a nasa, da danshin alwala, sai ƙat, bireka ta yanke! Na buɗe injin, ashe waya ce ta ɗaye tana taɓa ƙarfe.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Wata uku ina shan jiƙo saboda tsikarin nan, na ɗauka sanyi ne."

Alhaji bai ba ni haƙuri ba. Amma da zan tafi ya biyo ni waje, murya ƙasa-ƙasa, wai in samo masa irin birekar a sa a gida.