Atisayen da Baba Kaɗai Ya Ci

Zuwa ga ƙanwata Chizuru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ki, da mijinki, da yara baki ɗaya. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton Inna nakan ambaci sunanki, in roƙa miki sauƙin ciwon bayan nan da kike ta kuka da shi. Mu nan sanyi ya fara shigowa, ku kuwa a São Paulo na san zafi ne ke tahowa, abin da har yau kaina ya kasa ɗauka. Maigidana Noboru yana nan lafiya, sai mitar kifi ya yi ƙaranci, mitar da kika san shi da ita tun ranar aurenmu. Baba yana cin abinci sosai, bakinsa kuma ƙalau, gwiwoyin ne dai suka ƙi. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida yanzu sai da sanda, sai kuma ya huta a hanya.

Na karanta masa wasiƙarki, inda kika ce tunda za a sake kunna tashar nukiliyar nan ta ƙetaren gaɓa, a ɗauke shi a kai shi wurin Yaya Mitsuo a Yamagata, can cikin duwatsu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wai ke da kike bayan duniya kin fi mu jin motsin ƙasarmu. Ya ce nan aka haife shi, nan kabarin matarsa yake, kuma shi ba buhun shinkafa ba ne da za a ɗora a mota. Gaskiya a lokacin bayansa na bi, har na ji haushinki kaɗan. To ga abin da ya faru bayan nan.

Kin san ni da son jin ƙwaƙwaf. Shekara da shekaru ina kallon tashar nan daga wurin shanya, ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba, sai da wasiƙarki ta zo. Na tare Shohei, ɗan Gwaggo Fumie maƙwabciyarmu, wanda ke aiki a can, na ce yau sai ya gaya mini. Ya ce Yaya Tomoe, ba wani abu ba ne fa, ƙatuwar buta ce ake tafasa ruwa a ciki, tururin ya juya inji. Na ce to in dai buta ce, me ya sa aka raba mana ƙwayoyin aidin, na kariya daga gubar nukiliya, mu ajiye a gida? Ya yi dariya ya ce wutar ce daban. Wai ko an kashe ta ba ta hucewa nan da nan, dole a yi ta zagaya mata ruwa ana sanyaya ta, shi ya sa aka gina ta a bakin teku. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ashe tekun da tashar take tsoro shi ne kuma wanda ba za ta iya rayuwa ba sai da shi. Ya ce an ƙara wa katangar da ke tare ruwan teku tsawo, an kai injinan ko-ta-kwana kan tudu, an yi gyare-gyare iri-iri. Na yarda da shi, ba maƙaryaci ba ne, kuma 'ya'yansa ma a garin nan suke kwana. Sai dai na tambaye shi wa ya auno musu tsawon ruwan da zai zo nan gaba, ya ce masana ne suka ƙiyasta, iyakar abin da ɗan Adam zai iya ke nan.

Ba sai na tuna miki tendenko ba. Tun ba mu iya ɗaura takalmi ba Baba ke dura mana ita: in ƙasa ta girgiza, babbar igiyar teku na iya biyo baya ta haye gari, don haka kowa ya yi ta kansa zuwa tudu, kada ki nemi uwa, kada ki nemi uba, kada ki waiwaya, domin su ma suna can suna hawa. Maza kuma su ja jiragensu su yi tsakiyar teku inda igiyar ba ta karya komai. Muna yara mukan ga kamar rashin tausayi ne. Sai a shekarar babban ruwa muka gane, da mijin Gwaggo Fumie ya kai rabin matattakalar tudun ya juya don ya ɗauko mahaifiyarsa, aka rasa su duka biyu.

To sai ga ma'aikatan ƙaramar hukuma sun kira taro a zauren gari. Wata jami'a mai suna Kanno, mace mai natsuwa, ta yi mana bayani cewa idan tashar ta samu matsala har guba ta fita cikin iska, mu da ba mu ne mafi kusa ba kada mu fita. Mu shiga gida, mu rufe tagogi, mu kashe fanka, mu jira umarni. Gwaggo Fumie ta ɗaga hannu ta ce 'yar nan, girgizar da za ta fasa butarku ai ita ce za ta turo mana ruwa, to mu hau ne ko mu shiga? Kanno ta ce ruwa ne farko, a hau tudu, daga baya a nemi gini a fake. Gwaggo ta ce a kan tudun ai babu komai sai ɗakin bautar nan mai rufi ba bango, ko iskar za ta ji kunyar wurin ibada ta kauce? Aka yi ta dariya, ita ma Kanno ta yi, sannan ta ce gaskiya wannan tambaya tana damunsu su ma, ba su gama warware ta ba. Ta burge ni da ba ta yi mana rufa-rufa ba. Na koma gida ina ta juya abin, yadda umarni biyu kowanne daidai ne, amma jiki ɗaya ba zai iya bin su tare ba.

Aka sa ranar atisaye. An gaya mana tun da wuri cewa gwajin na zaman gida ne, za a ɗauka an yi girgiza amma babu ruwa. Kowa ya ce ya ji ya gane. Ranar da hantsi ina rumfar bakin ruwa muna gyaran igiyoyin ciyawar teku, sai lasifikar gari ta ce an yi girgizar ƙasa mai ƙarfi. Chizuru, abin da ta faɗa bayan wannan babu wanda ya ji shi. Ban san lokacin da na yar da igiya ba, na dai ga kaina a kan matattakala, gabana tsofaffi, bayana tsofaffi, kowa na haki. Noboru da sauran maza kuwa tuni sun tayar da injina sun nufi tsakiyar teku. Sai da muka taru a sama muka kalli juna, Gwaggo Fumie ta ce af, ba yau ne aka ce mu zauna a gida ba? Ta ce laifin ƙafafunta ne, su ba su halarci taron ba.

Daga sama muna hango ma'aikatan da hulunan kwano suna bi gida-gida don su duba yadda muka rufe tagogi. Ƙofofi a buɗe, tukunya a kan wuta, kyanwoyi ne kawai ke karɓar baƙi. A duk layinmu gida ɗaya suka samu a rufe ruf, namu. Suka ƙwanƙwasa, Baba ya amsa daga ciki cewa an hana buɗewa. Ya rufe tagogi, ya kashe fankar kicin, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, yana zaune da shayinsa da ƙwayoyin aidin a gefe. Kanno ta yaba masa a gaban kowa da muka sauko. Ranar Baba ya sha kirari. Noboru ya ce surukinsa ya zama ɗalibin gwamnati na ɗaya, Baba kuma ya ce ai dole, tunda sauran 'yan ajin awaki ne, da sun ji ƙara sai dutse.

Da yamma ina zuba masa miya sai na ga ya daina dariyar. Ya ce Tomoe, an yaba mini don na zauna, alhali zaman ne kaɗai ya rage mini. Ya ce in butar ce ta fashe, zamansa daidai ne, in kuma ruwa ne, zamansa shi ne ajalinsa, kuma duk biyun bai damu ba, ya ci shekarunsa. Sannan ya ce akwai taga ɗaya da bai rufe duka ba, wadda ke kallon tudu. Ta nan ya hango jan ɗankwalina yana hawa, ya ji daɗi. Sai ya ga ɗankwalin ya tsaya a tsakiya, ya juyo, har ya fara saukowa kafin ya sake hawa. Na ce numfashi na tsaya in yi. Ya ce mai neman numfashi ba ya saukowa, kuma tun ina yarinya ban iya ƙarya ba, kada in fara da tsufana.

Gaskiyarsa ce. Na san gwaji ne, na san babu ruwa, amma da na tuna yana can shi kaɗai da sandarsa sai ƙafata ta juya da kanta. Ya ce yau wasa ne kika sauko kaɗan, ranar gaske har ƙofa za ki zo, kuma ba za ki iya ɗaukata ba. Ya ce tendenko tana aiki ne idan kowa ya tabbata ɗan'uwansa yana hawa, shi kuwa kowa ya san ba ya hawa, don haka ya zama igiya a ƙafata. Daga nan ya ce in kira masa Mitsuo a waya, a share masa ɗaki kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Na yi kuka, na roƙe shi, na ce za mu nemi keken guragu, za mu nemi mota. Ya ce matattakala ba ta san keke ba, in daina ɓata hawaye in kawo masa shinkafa.

Kin ga ke nan kin samu abin da kika nema, ko da yake ba tashar ce ta kore shi ba, ni ce. Ban san yadda gidan nan zai zama ba idan babu mai tsokanar Noboru, kuma raina ba ya so ko kaɗan. Tambayar Gwaggo Fumie ma tana nan ba amsa, ina ta bin Shohei da ita har ya fara canza hanya idan ya hango ni. Jiya da safe Baba ya ce kafin ya tafi yana son ganin abu ɗaya. Ya sa na ja masa kujera bakin taga, ya ce in je in hau tudun tun daga ƙasa har sama yana kallo. Na ɗaura ɗankwalina na tafi. Da na iso inda na tsaya rannan sai na ji wuyana kamar ana jan sa baya, amma na ci gaba har sama ban juyo ba. Da na dawo gida na tarar ya fito da tsohuwar jakarsa yana ninke kaya, na zauna na taya shi.

Ki gaishe mini da mijinki Akio, da Emi da Koji, ki ce innarsu Tomoe tana jiran hotuna. Noboru yana gaishe ku, Gwaggo Fumie ma haka. Daga yanzu wasiƙar Baba sai ki aika ta gidan Yaya Mitsuo, ki rubuta da manyan baƙaƙe don idonsa.

Taki har kullum,
Yayarki Tomoe