Kyamarar da Zan Shiga da Ita Ɗakin Amarya

Alhamis da dare, Ƙaura Namoda

Ƙafafuna ciwo suke yi. Yini muka yi ni da maigida a kasuwar Shinkafi muna neman kyamarar bidiyo. Tun da aka hana maza shiga wurin mata a biki, aikinsa na ɗaukar bidiyo ya tsaya a ƙofar gida, alhali amarya ake son gani. Shi ya sa na sayar da tunkiyata, don mu sayi kyamarar da ni zan shiga da ita.

Mai shagon da muka shiga ko kallona bai yi ba. Ya sauko wa maigida da wata ƙatuwa ta kafaɗa, ya ce, "Alhaji, wagga ita ad daidai da kai." Ni kuwa na nuna wata 'yar ƙarama ta gwanjo, wadda kuɗinmu zai kai. Na gwada ta a lungu mai duhu, don ɗakin amarya ba haske. Fuska ta fito sarai. Batirinta dai ba ya daɗewa, wannan ke damuna.

Mai shagon ya ce, "Mi Hajiya tas sani ga kyamara?"

Maigida ya ce, "Ita za ta riƙa."

Ƙaramar muka saya. Jibi akwai biki a Zurmi. Shekara goma ina goge masa kaya ya tafi aiki. Wannan karon shi zai jira ni a zaure, riƙe da jakata.