Rabin Awar da Aka Ƙara wa Muhsina

Watari, ta Bagwai.

Zuwa ga Malama Ramlat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma kin saba da makarantar da aka mayar da ke a Bacirawa. Inna tana gaishe ki.

Albishirinki! Zirga-zirgar da kika yi ta yi zuwa ofis ba ta tafi a banza ba. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce an amince a ƙara mini rabin awa ranar jarrabawar lissafi, saboda wannan hannu da sanƙarau ya bari yana rawa. Baba kuwa ya hana ni zuwa gonar albasa har a gama. Ki sa ni a addu'a.

Ɗalibarki,
Muhsina Hashimu.

Zuwa ga Malama Ramlat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ɗalibai? Allah Ya sa kowa lafiya. Ki gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba, kunya ce ta hana.

Malama, ba wanda ya cuce ni. Mai sa ido ya cika alkawari. Da lokaci ya yi ya karɓi takardun kowa, ya bar ni ni kaɗai a ajin. Sai dai kafin nan hannun ya riga ya gaji, yatsun sun ƙage a jikin biro. 'Yan ajinmu kuma suka taru a taga suna leƙe, wasu na cewa an fifita ni. Tambayoyin da suka rage duk irin waɗanda muka sha yi da ke ne a ƙarƙashin darbejiya. Ina ganin amsar a kaina ƙarara, na kai hannu, sai biro ya zame. Na gwada da hagu, ni kaina ban iya karanta abin da na rubuta ba. Mai sa idon ya kau da kai, ina jin don kada ya ga hawayena.

Sakamako ya fito makon jiya. Na ci sauran darussan, lissafi ya kayar da ni, kin kuwa san ba kwalejin da za ta ɗauke ni haka. Baba ya ce in sake baɗi. Na ce masa to, don kada ransa ya ɓaci, amma likita a Bagwai ya gaya wa Inna rawar ƙaruwa take yi.

Na ji kina shirin neman a ba ni awa guda. Don Allah ki huta, Malama. Ko yini za a ba ni, da hannun nan zan shiga.

Allah Ya saka miki da alheri.

Taki har kullum,
Muhsina.